Makon Da Sallah Ta Tafi Ta Bari

Gwagwalada, ranar Laraba.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki ƙasar da za ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da majinyata masu haƙuri. Na cusa wannan takarda ƙarƙashin ƙullin yaji da daddawar da mamarki ta ɗaure miki, don na san can hannunki zai fara zuwa. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa iya yi miki faɗa ido da ido ba. A takarda kuwa ina da ƙarfin hali.

Da farko ina taya ki murna da abin da kika nuna mana a waya, wannan taimshiya da aka tara ku sababbin nas-nas a otal aka yi muku bayaninsa. Kin ce mutum zai sayi mako guda a wani masauki ya zama nasa har abada, in bai so kwana a can ba a mayar masa da makon zuwa maki, ya yi musayar makin da ɗaki a duk ƙasar da ransa ke so. Kin ce in kin isa kin natsu za ki aiko wa kawunki Bulus ya sayar da gonar Yangoji da kakanki ya bar miki, tunda ga mai saye har ya zo ya taka iyaka, ki zuba kuɗin a ciki. Kin ga sai gyaɗa kai nake yi. Mamaki ne ya riƙe mini baki. Wallahi duk wanda ya ƙirƙiro wannan sana'a, in na gan shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa. Shekara talatin da 'yan kai ina kara ina sayar da raguna, ana ce mini mai wayo, amma ban taɓa iya sayar da rago ɗaya ga mutum biyu ba. Su ɗaki ɗaya suke sayar wa mutum hamsin da biyu, kowa ya koma gida yana washe baki wai ya yi gida, ɗakin kuma yana nan a hannunsu, kuma masu sayen ne ke biyan kuɗin shararsa. Tubarkalla. Wannan ba kasuwanci ba ne, baiwa ce.

Abin da ba ki sani ba shi ne, ubanki yana cikin hamsin da biyun.

Kin sha jin ana kirana Mai Mako a kara. Na san kin ɗauka don ina bin kasuwannin mako ne. Na bar ki a haka. Yau zan gaya miki inda sunan ya samo asali, amma bari in faro daga baya kaɗan, don kuskurena na farko shi ya haifi na biyu.

Na zo garin nan daidai lokacin da ake kwaso gwamnati daga Legas. Ba ki ga wannan ba, kuma ba na jin bakina zai iya nuna miki shi. Tireloli cike da kabad da kujeru suna wucewa ta Gwagwalada ba ƙaƙƙautawa, ma'aikata a kan kaya kowa rungume da fankarsa. Inda ka bar gonar dawa wannan watan, wata mai zuwa sai ka tarar da titi mai hannu biyu da fitilu a jere. Nakan tsaya a gefen hanya da ragunana baki buɗe, ina cewa ashe mulki ma ana loda shi a mota kamar kayan ɗaki. A cikin wannan hayaniya wani tsoho a Dutse Alhaji, da zai aurar da ɗansa, ya ce in ba shi raguna biyu ya yanka mini fili. Na je na duba, duwatsu ne da birai. Na ce masa, "Baba, ragona da ƙafarsa yake tafiya kasuwa. Filinka fa?" Ya yi dariya ya ce, "Shi kasuwa zai zo ya same shi." Na tafi ina masa dariya ni ma. Yau in motar haya ta bi da ni ta wurin, na ga shagunan da ke kai, sai in juya fuska ɗaya tagar in ce ƙura ce ta shige mini ido.

To, Uwata, ki dubi Yangoji da kyau. Yadda take yau, haka Dutse take ranar da na yi waccan dariyar. Ƙasa ba ta zuwa ko'ina, gari ne ke rarrafowa ya same ta. Mutumin da ya zo ya taka iyakar gonarki ba doya yake son shukawa ba.

Haushin wannan fili ya zauna mini a rai shekaru. Na rantse ba za a sake nuna mini wata dama in bar ta ta wuce ba. Ki lura da wannan, don mai irin wannan rantsuwa shi ne abincin 'yan talla. Kasuwa ta buɗe mini, na fara kai wa manyan ma'aikata ragon layya har gida, na auri mamarki, aka haife ki. Wata rana wani oga da nake kai wa rago ya miƙo mini katin gayyata, ya ce ana cin abinci kyauta a wani sabon masauki a hanyar Bwari, gaba da Dutse kaɗan, a gindin duwatsu. Na sa babbar riga na tafi.

Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Sanyi yana fitowa daga bango, ciyawa a aske kamar kan ango, ga wani tafki mai shuɗin ruwa da aka gina don wanka kawai, ba a shayar da ko akuya a ciki. Aka ba mu shinkafa da kaza. Sai wani saurayi mai kwat ya jawo kujera kusa da ni. Da hanci yake magana, shi ya sa na raɗa masa Oga Bature.

"Alhaji," in ji shi, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, "mutum kamarka bai kamata ya riƙa kama haya a otal ba. Ka mallaki naka."

Ya yi mini bayanin da aka yi miki, kusan kalma da kalma, har ina mamakin ko jikansa ne ya same ki. Ya ƙara da cewa makonni ba ɗaya suke ba. Akwai ja, wanda kowa ke rububi, mai tsada da maki mai yawa. Akwai fari, mai araha. Duk yadda mutane ke son makonka, haka makinka ke nauyi wajen musaya.

Nan ɗan kasuwan da ke cikina ya farka. Na san a makon Babbar Sallah manyan garin nan da ba sa zuwa gida sukan rasa inda za su kai iyali, wuri irin wannan cika zai yi maƙil. Na tambaye shi kamar ba da gangan ba, "Sallar bana wane mako ta faɗa?" Ya duba kalandar bango ya ɗora yatsa. Na leƙa. Fari! Turawan da suka tsara launukan Kirsimeti suka sani, ba su san layya ba. Ga rago mai ƙiba da kuɗin tunkiya. Na haɗe fuska don kada ya gane, na ce a ba ni wannan ɗin, har da yi masa ƙorafin tsada. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji ka iya zaɓe." Ribar Sallah biyu na juye masa a ranar, kafin kazar ta gama narkewa a cikina.

Washegari na shiga kara ina taku ɗai-ɗai. Na tara su Tanko, abokina da kika sani, wanda turkensa ke kusa da nawa, na ba su labarin yadda na yi wa Turawa wayo. Tanko yana ba ragonsa dusa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Makon nan naka, lamba gare shi ko suna?"

Na ce lamba.

"Lambar kalandar Bature?"

Na ce to ta wa?

Sai ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Kai da muka fara sayar da ragon layya cikin ruwa da taɓo, yau ga mu muna sayarwa cikin zafin bazara. Wa ya ce maka Sallah tana da turke? Baɗi war haka ta matsa, ta bar ka da makonka a rana. Jama'a, ku zo ku gaida Mai Mako!"

Kara ta ɗauki ihu. Ni kuwa na tsaya kamar an watsa mini ruwa. Ki duba fa, Uwata. Duk ƙasar nan babu wanda ya fi dillalin raguna sanin cewa Sallah tana tafiya da wata, kowace shekara tana rigan ta bara. Da wannan sanin nake cin abinci. Amma sanyin bango da kalmar Alhaji suka shafe mini shi tas. Kuma Oga Bature bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Na tambaye shi Sallar bana, ya nuna mini Sallar bana.

Shawarata a nan gajeriya ce. Duk ranar da kika ji a ranki kin yi wa mai shago wayo a cikin shagonsa, tashi ki fita ki wanke fuska. Kuma kada ki sa hannu a komai ranar da aka ciyar da ke kyauta.

Na ce to, ba komai, ai akwai musaya. Tunda makona ya zama fanko a tsakiyar zafi, sai in mai da shi maki in kai mamarki Madina cikin azumi. Na buga waya. Wata mace mai murya kamar zuma ta ce makina ko ƙofar wannan bai kai ba, kuma irin waɗannan wurare tun shekara guda kafin lokaci ake kamawa. Na ce, "Baiwar Allah, shekara guda? Ni da ban san ko zan kai Juma'a ba?" Ta yi dariya ta ce in tara na bana da na baɗi. Na tara. Da suka taru aka ce akwai ɗaki a wata ƙasar Turai, sai dai in biya kuɗin musaya. Na biya. Na je neman biza, wani yaro a bayan gilashi ya juya fasfona gaba da baya, ya tambaye ni sana'ata, na ce raguna, ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashin. Maki ba ya sayen biza, ba ya sayen tikitin jirgi, ba ya sayen abincin da za ki ci a can. Gado kawai yake saye, shi ma in wani bai riga ki ba. Kafin in farga aka ce wani kaso na makin ya lalace don ya daɗe. Ashe tumatir ne.

Duk wannan kuwa, kowace shekara takardar kuɗin gyara tana zuwa, ko ka kwana ko ba ka kwana ba, kuma da dala ake lissafinta. Kin dai san yadda naira take a gaban dala, kamar akuya a gaban kura. Mamarki ta raɗa wa makon suna. In takardar ta zo sai ta ce, "Maigida, ragonka ya zo cin abinci. Wannan rago ba ya ƙiba, ba ya mutuwa, ba ya yankuwa."

Amma ba zan zalunce su ba, don a ƙarshe mun tafi, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin bakina. Bayan shekaru, mai muryar zuma ta ce makina zai iya ɗaukar ɗaki a bakin teku a Gambiya, inda ba a neman biza, amma cikin damina. Damina fa, lokacin da mamarki ke tsakiyar noman doyarta. Ta ce ba za ta bar gona ba, na ce ko a kafaɗa sai na ɗauke ta, in ba haka ba Tanko zai kashe ni da baki. Muka kai ki wurin kawunki Bulus, kina ta kuka, muka hau jirgi. Waccan ƙatuwar katantanwa da ke kan talabijin, da kike kangawa a kunne kina ƙarama, daga can take.

Da safe muka fito daga ɗaki muka zagaya bayan gini, sai ga shi. Uwata, na ga Dutsen Zuma, na ga an gina birni a kan gonar dawa, na ɗauka na gama mamaki a duniya. Ruwa ne ba shi da ɗaya gaɓar. Ya tafi har ya haɗe da sama, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Yana tasowa kamar bango, ya taho da ruri kamar zai cinye garin, sai ya zo daidai ƙafarka ya kwanta ya koma. Ya sake tasowa. Ba mai tura shi, ba mai tsayar da shi, kuma tun kafin a haifi kakan kakana yake wannan aiki bai huta ba. Na zauna a yashi da babbar rigata ina ta subhanallahi. Ni da ba na iya ganin abu ban yi masa kuɗi a raina ba, ranar na rasa ta inda zan fara.

Mamarki ta tattare zane ta shiga har gwiwa, ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

"Maigida, gishiri ne! Duk wannan ruwa, ko albasa ba za a yi noman rani da shi ba?"

Sai kuma na ga tana share hawaye da bakin mayafi. Har yau in kin tambaye ta za ta ce miki ragon nan ya biya kuɗin dusarsa a wannan safiya. Ban taɓa yi mata musu ba.

Sai dai ga abin da ban gaya mata ba. Masaukin kusan babu kowa, damina ta kori baƙi. A ɗakin da ke jikin namu akwai wani Bakano mai fataucin atamfa, muka saba a wurin shan shayi. Na tambaye shi makinsa nawa ya ba da. Ya ce, "Maki kuma? Na makaranta?" Na yi masa bayani. Ya ce shi dai ya sauko daga mota da jakarsa, ya ga wuri ba kowa, ya taya, suka yi ciniki, aka ba shi mabuɗi. Da ya faɗi abin da ya biya, na auna a raina, bai kai kuɗin gyaran da nake biya a shekara ɗaya ba, balle kuɗin musaya, balle uwar kuɗin da na juye wa Oga Bature. Ɗakinsa irin nawa, tagarsa ma ta fi tawa kallon ruwa. Ya tafa kafaɗata ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, Malam." Shayin ya koma mini maɗaci.

Kin ga inda lissafin yake. Lokacin da makinki zai isa ki sami ɗaki, lokacin ne mai kuɗi a hannu yake samunsa a banza. Lokacin da ɗakin ke da daraja kuwa, makinki ba ya kaiwa. Teku gaskiya ne, ki je ki gan shi, ina ma roƙon ki da ki je. Amma teku ba ya tambayar maki.

Ban ce ba wanda abin ke yi wa rana ba. Akwai. Mutumin da fasfonsa ke buɗe kowace ƙofa, wanda ya san ranar hutunsa tun shekara guda kafin ta zo, wanda ba ruwansa da Sallah ko Kirsimeti, duk inda aka jefa shi daidai ne, kuma zai tafi kowace shekara ba fashi, wannan zai iya cin moriyarsa. Ke fa? Sabuwar nas ce a ƙasar mutane. Kin fi ni sanin cewa sabon zuwa shi ake bar wa aikin ranakun biki, hutunsa kuma sai abin da manya suka rage. Kuma ranar da aka ba ki hutun farko, bayan kin shekara ba ki ji ƙanshin miyar mamarki ba, ki gaya mini tsakaninki da Allah, tsibiri za ki nufa ko Gwagwalada?

Kuskurena na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni kunya a matsayin ɗan kasuwa. Ban taɓa sayen rago ban san inda zan sayar da shi ba. Ko gurgu ne akwai mahauci. Amma na sayi mako ban tambayi ƙofar fita ba. Da na gaji na koma masaukin na ce su saya. Oga Bature ya daɗe da barin aiki. Wanda na tarar ya ce su sayarwa suke yi, ba sa saye. Na bi ogogin da nake kai wa raguna ɗaya bayan ɗaya, na karya kuɗin, na sake karyawa, har na ce kyauta. Wani ya ce mini, "Mai Mako, ni ma ina da biyu, ko za ka haɗa?" Saboda haka in sun sake kiran ki a waya, kada ki tambaye su ƙasa nawa za ki iya zuwa, wannan amsar a bakinsu take. Ki ce musu, "Ranar da na gaji, nawa za ku saya?" Sai ki yi shiru ki saurari yadda muryar zuma ke tsinkewa.

Gona taki ce, ba zan hana ki ba, kawunki ma ba zai hana ki ba. Abin da nake roƙo, kada ki aiko masa da saƙon sayarwa sai kin ci doyar bana. Mamarki ta riga ta ware miki kunya biyu a gonar taki, daga gefen rafi, ta ce ko ta hannun wa sai ta aika miki. In kin ci kin ga har yanzu mako kike so, ga nawa nan, na ba ki halak malak. Tanko ya ƙirga da yatsunsa ya ce Sallah ta kusa kammala zagayenta, nan da 'yan shekaru za ta sake faɗowa cikinsa, sau ɗaya, ta gaishe shi ta wuce. Tafkin masaukin dai an daina zuba masa ruwa, amma takardar gyara ba ta taɓa makara ba.

Ki riƙe sallarki, ki ci abinci kafin ki shiga aiki, ki kira mamarki ko ba ki da abin faɗa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mai hassada da alherin mai kwat. Allah Ya sa ki je a sa'a ki dawo a sa'a, ki same mu da rai da lafiya. Amin.

Naki,
Babanki, Mai Mako.

Af, na manta. Ke kika yi karatu, ni kara na sani, sai ki taimaka mini da wannan lissafin in kin sami sarari. Abin da aka yi shekaru ana neman mai karɓarsa kyauta aka rasa, gona nawa ya kamata a sayar a saye shi?